Yadda Ake Karɓar Bayanin Shaidu Kafin Hira Ta Gurɓata Shi

Idan mai babur ya yi karo da keke napep a Ƙofar Ƙaura, ko gardama ta tashi kan cinikin bijimi a kasuwar Mai'aduwa, kafin mai unguwa ko sarkin kasuwa ya iso, waɗanda abin ya faru a gabansu sun riga sun yi cincirindo suna mai da zance. Mutum biyar da bakinsu ya zo ɗaya bayan sun yi hira, galibi shaida ɗaya ce aka maimaita sau biyar.

Ba ƙarya suke yi ba. Ƙwaƙwalwa kan riƙe labari ta mance inda ta samo shi, ko da ido aka gani ko a bakin wani aka ji. A 2003, masaniyar halayyar ɗan Adam Fiona Gabbert da abokan aikinta a Birtaniya sun nuna wa mutane bidiyon abu ɗaya da aka ɗauka ta ɓangarori biyu, kowa yana zaton iri ɗaya suka kalla. Da suka tattauna bibbiyu, kashi 71 cikin ɗari suka ba da shaidar abin da ba ya cikin bidiyonsu sam.

Don haka a fara da raba su, kuma tun ranar, kafin a kwana. Ɗaya ya shigo zaure, sauran su jira inda ba za su jiyo ba, a kuma sa wani ya zauna da su don kada hirar ta ci gaba a waje. Malaman fiƙihu tun da can sun ambaci raba shaidu idan alƙali ya yi shakka.

A fara da ƙarami. Wannan muhimmi ne ƙwarai a ƙasarmu, inda yaro ba ya musa wa dattijo. Da zarar Alhaji ya ce motar fara ce, da wuya ɗan tireda ya ce shi ruwan toka ya gani, kuma nan da mako guda shi kansa zai rantse fara ce.

Tambaya ta zama a buɗe: “Malam, faɗa mini abin da ka gani daga farko.” Kada a katse shi, kada a sa masa kalma a baki. A gwajin Elizabeth Loftus da John Palmer na 1974, an nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, sannan aka tambayi wasu gudun motocin lokacin da suka “yi raga-raga”, wasu kuma lokacin da suka “bugi juna”. Bayan mako ɗaya, mutum 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun ga fasasshen gilashi, na biyun kuwa 7 kacal, alhali babu gilashin a fim ɗin.

A rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da inda yake tsaye, da lokacin, kafin La'asar ne ko bayanta. Kowane batu a tambaye shi: gani ka yi ko ji? Da wa ka yi zancen? Ka saurari wani saƙon murya a WhatsApp? A karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Sai bayan nan a haɗa su. Haɗuwar na da amfani, domin sukan gyara wa juna kuskuren da ya fito fili. Amma ba ta ƙara yawan bayani: bincike ya sha nuna cewa abin da rukuni ya tuno tare bai kai jimillar abin da za su tuno ɗai-ɗai ba, saboda kowa da zaren da yake bi wajen tuno abu, maganar wani kuma tana tsinka masa shi. Duk wani sabon bayani da ya ɓullo a zaman haɗakar, a rubuta shi a takarda daban, da sunan wanda ya fara ambatarsa.