Kafin ku ɗaura shok ɗin sitiyari a motar daji

Jama'a, masu Land Cruiser da Patrol da ke shiga ƙauyuka da damina, idan sitiyari na karkarwa kada ku ruga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen shok ɗin sitiyari tukuna. Shok ɗin rage girgiza kawai yake yi, ba ya gyara abin da ya ci.

A fara ɗaga gaban motar da jak, a kama taya hagu da dama a jijjiga. Idan tana wasa, a duba tayirod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. Wasan sama da ƙasa kuwa galibi bayarin ne. A canza bushin da ya tsage, a yi balansin, iskar tayoyin gaba ta zo ɗaya, sannan alaimen.

Wajen ɗaurawa, tayoyi su miƙe sak, a buɗe shok ɗin zuwa rabin iyakar buɗewarsa kafin a ƙulle maƙalinsa. A murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare. In shok ɗin ya ƙure kafin sitiyari, zai lanƙwashe ko ya fara yoyon mai.

Wanda ya ƙara wa motarsa tsayi, ya ce a auna masa kasta, wato kusurwar jinginar tayoyin gaba da ke sa mota ta riƙe hanya sak. Ɗagawa na rage ta, sai mota ta riƙa yawo a titi.