Ga mai zuwa Ikko da niyyar koyar da injiniyan gine-gine

Ƙanena, tunda ka samu gurbi a jami'a, kuma zuciyarka ta karkata ga binciken da ake yi da lissafin kwamfuta, bari in fara maka da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Maganar ɗaki da hanya tana nan tafe.

Ƙasar Ikko ba irin ta gida ba ce. A Zariya ko Kano, sau da yawa ba ka yi nisa da haƙa ba za ka iske marmara ko jar ƙasa mai tauri, ka zuba fandishonka hankali kwance. A unguwannin Ikoyi da Lekki kuwa yashi ne da laka mai laushi, ga ruwa kusa, wani wurin kafin ka haƙa tsayin mutum ramin ya cika. Shi ya sa dogayen benayen da kake gani suke tsaye a kan turakun kankare da aka kafa can ƙasa. Ga kuma iskar teku mai gishiri, tana ratsa kankare har ta kai ga rodi. Rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga abin da aka lulluɓe shi da shi.

Fanninmu ya ginu ne a kan dabara ɗaya: a daddatsa gini ko gada ko ƙasar kanta zuwa dubban gutsattsari a kwamfuta, a lissafa yadda kowane ke lanƙwasa in nauyi ya hau shi, sannan a haɗa amsar. Aikin manyan manhajoji irin su ABAQUS da ANSYS da PLAXIS ke nan. Amma kwamfuta ba ta gardama, abin da ka zuba mata shi take dafawa. Shekarata ta farko na sa mata alƙaluman ƙarfin ƙasa irin waɗanda na saba da su a gida, ta fito mini da hoto mai launuka gwanin sha'awa. Wani dattijo mai kula da ɗakin gwaji ya duba, ya kai ni ga lakar da aka haƙo daga wurin, ya danna ta da babban yatsa ta lotse. Bai ce komai ba. Don haka ka riƙe masu ɗakin gwaji da kyau, ka gaishe su kafin su gaishe ka, ko da kana da digiri uku.

Abin bincike ba sai ka nemo shi daga Ingila ba. In kana Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, ka tsaya bakin ruwa za ka hango gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, da aka kammala a 1990. Yadda mahaɗanta ke motsi, da yadda ruwan gishiri ke cin turakunta, sun isa aikin digiri na uku. Haka benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi a Nuwamban 2021, ya ci rayuka sama da 40. Duk wanda ke koyar da lissafin ginshiƙi a garin nan, da wannan a ransa yake shiga aji.

Ƙarin girma kuwa, daga ƙaramin malami har farfesa, da digiri na uku da takardun da ka wallafa a mujallu ake auna shi, ba da yawan darussan da ka ɗauka ba. Sabon zuwa shi ake jibga wa manyan azuzuwa, to ka ware wa bincikenka kwanaki tun farko. Ka sa ido kan tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, ka yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ka riƙa leƙa taron NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, don can za ka haɗu da masu aikin fili da ke riƙe da rahotannin gwajin ƙasa. Lasisin manyan manhajoji da dala ake biya. Ni dai shawarata ka koyi Python, yaren rubuta manhaja, ka saba da manhajojin OpenSees da FEniCS, kyauta ne, kuma takardar da aka yi da manhajar sata abin kunya ce ranar da aka tambaya. Ka sayi inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir, kafin ka sayi kujera, domin lissafin da ya yi awa goma yana tafiya, ɗauke wuta sau ɗaya ya mayar da kai farko.

Zuciya za ta ja ka Agege ko Mile 12 inda 'yan'uwa suke, ga tuwo ga Hausa. Ka je ranar Asabar. Wurin kwana dai ka nema a Akoka ko Bariga ko Yaba, in ba haka ba cunkoson hanya zai cinye lokacin da ya kamata ka yi karatu. Idi-Araba ma akwai 'yan'uwa, kuma ba ta da nisa sosai in kewa ta taso. Kuɗin dillali da na yarjejeniya daban suke da kuɗin haya, ka tambaya tun kafin a nuna maka ɗaki. In da hali ka duba gidan a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. In da rani ne, ka sunkuya ka dubi gindin bango, shatin da ambaliyar bara ta bari yana nan ko an shafa fenti.