Yadda Za Ka Sa Rubutunka Ya Zaga Intanet Daga Nan Saudiyya

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya sauka wurina a Jidda lokacin hutu. Bayan sallar Isha muna shan shayi, sai ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Yaya, duba nan don Allah. Wata takwas ke nan ina rubutu, kusan kullum sai na saki wani abu, amma in ka cire abokan ɗakina uku babu mai karantawa." Na karɓa na duba. Hausarsa tsaf, ba ta da makusa. Sai dai abin da yake rubutawa shi ne falalar haƙuri, muhimmancin neman ilimi, illar gulma. Duk gaskiya ne, amma akwai malamai ɗaruruwa a Kano da Zariya da Sakkwato da ke faɗar waɗannan kullum, kuma jama'a sun riga sun san muryoyinsu. Abin ya taɓa ni, domin ni ma ta nan na biyo. Ga abin da na gaya masa a daren, na ƙara da wanda na tuna daga baya.

Mataki na farko: rubuta abin da ƙafarka ta taka

Wannan shi ne uwa uba, kuma a nan yawancinmu muke ɓata hanya. Kana zaune a ƙasar da miliyoyin Hausawa ke mafarkin zuwa. Dattijo a Damagaram ya yi shekara goma yana tara kuɗin kujera, kuma akwai tambayoyi cike da bakinsa da ba wanda ya amsa masa. Ina ake ɗaura harami idan an taso daga Madina? Ta yaya ake samun izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk? Ina mace za ta sami tuwo da miyar kuka a Makka idan cikinta ya ƙi shinkafar Larabawa? Kai ka san amsoshin ba tare da ka buɗe littafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Rubutun da ya fara fitar da sunana ba wani abin azo-a-gani ba ne. Bayani ne kan jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, mai haɗa Makka da Jidda da Madina a tafiyar kilomita kusan 450. Na hau shi da kaina, na rubuta inda tashar take a filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, yadda ake sayen tikiti a waya, da cewa tashar Makka tana Rusaifa ne, don haka sai an sake shiga mota kafin a kai Harami. Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo, wata gwaggona a Katsina ta turo mini rubutun nawa tana cewa, "Ɗana, karanta wannan, zai yi maka amfani tunda kana can." Ba ta san ni na rubuta ba.

Ba lallai sai aikin Hajji ba. Akwai tarihin Hausawan unguwannin Shari'a Mansur da Tandabawi a Makka, waɗanda kakanninsu suka taso a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya kafin su ƙetare Bahar Maliya. Akwai tsirenmu da mutanen Hijaz suka karɓa suke kiransa siriya. Akwai tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil, waɗanda aikin rusau da aka fara a ƙarshen 2021 ya shafa, da labaran da ke bakin tsofaffin da suka tashi a cikinsu. Idan ba mu rubuta waɗannan ba, da su za a binne su. Zaɓi fage ɗaya ka tsaya a kai har a riƙa cewa, "Tambayi wane, shi ne ya san wannan."

Mataki na biyu: san wanda kake yi wa magana

Masu karatunka kashi uku ne, kuma ba hanya ɗaya ake isa gare su ba. Akwai na gida, wato Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, masu karanta boko. Akwai masu zuwa su koma, mahajjata da 'yan kasuwar Kano-Jidda. Sai kuma 'yan'uwanmu haifaffun nan, waɗanda Hausa ke bakinsu amma makarantar Larabci suka yi. Da yawa daga cikinsu in ka ba su rubutun boko, kamar ka ba su Turanci ne. Haka ma 'yan'uwa da dama a Mai Wurno da Gadarif a Sudan.

Saboda su na fara naɗar murya. Duk abin da na rubuta, sai in karanta shi a waya cikin minti uku ko huɗu, in tura tare da rubutun. Wata dattijuwa a unguwar Misfala ta Makka ta aiko mini ta hannun jikanta cewa tana saurare ne lokacin da take tsinke zogale. Ita ce ta fi kowa yaɗa abin da nake yi a cikin mata, alhali ba ta taɓa karanta harafi ɗaya nawa ba.

Mataki na uku: kanun magana da layin farko

Mutum yana jan yatsa a waya ne cikin sauri, layi biyu kawai zai ba ka. Kada ka ƙone su da doguwar gaisuwa. Yi sallama a taƙaice, ka faɗi abin da ke tafe da kai. "Tsokaci a kan wasu al'amura da suka shafi alhazai" ba zai tsayar da kowa ba. "Yadda za ka je Masallacin A'isha daga Harami don sake Umra" zai tsayar da duk wanda ke da niyyar zuwa.

Yi amfani da kalmomin da mutane ke bugawa in suna nema. Wani Makka zai rubuta, wani Makkah; wani Umra, wani Umrah. Na'urar bincike ba kullum take gane abu ɗaya ake nufi ba, don haka ina barin kowanne ya fito sau ɗaya a inda ya dace. Haruffa masu ƙugiya kuwa, sanya su. Gboard, manhajar buga rubutu a waya, yana da allon Hausa, kyauta ne. Mai karatu yana ganin bambancin wanda ya rubuta ƙasa da wanda ya rubuta kasa, kuma tun daga nan yake fara auna ko za ka kula da sauran bayanan.

Mataki na huɗu: kai kayanka da hannunka

Zuwa da kai ya fi aike. Kada ka ɗora rubutu a Facebook ka koma gefe kana jiran jama'a su zo. Hausawa a WhatsApp suke, can za ka same su, kuma yana da kyau ka san yadda yake aiki. Tun 2019 ba a iya tura saƙo zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, kuma daga 2020 saƙon da ya riga ya zaga da yawa wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a kowane karo. Ma'ana, duk wanda ya tura rubutunka da gangan ya yi, ya zaɓi wanda zai aika wa. Ba zai yi wannan wahalar ba sai ya ga abin zai amfani ƙanwarsa ko surukinsa. Jerin aika saƙo ga jama'a yana ɗaukar mutum 256, amma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Don haka roƙi mutane su ajiye lambar. Tun 2023 kuma akwai tashoshin WhatsApp, inda mutane ke bin ka ba tare da ganin lambar juna ba. Buɗe ɗaya, ka mai da ita rumbun da duk rubutunka yake.

Zauren WhatsApp kuwa gidan mutane ne. Kafin ka zuba kayanka a zauren ɗaliban Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka ko na 'yan jiharku mazauna Riyad, nemi izinin mai kula da shi. Ni nakan rubuta masa a gefe: "Malam, barka da warhaka. Na yi wani ɗan bayani a kan kaza, in ka ga ya dace a sanya wa 'yan'uwa." Sau da yawa shi da kansa yake sanyawa, kuma abin da shugaban zaure ya kawo ya fi wanda baƙo ya jefo daraja. Wanda ke watsa abu ɗaya a zauruka ashirin kullum, ba a daɗe ake cire shi.

Mataki na biyar: lokaci

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, yana gaban na Sudan da awa ɗaya, na Gana da awa uku. Idan ka saki rubutu bayan Asuba a Makka, Kano na barci. Ni goma na dare nake saki, lokacin an idar da Isha a gida an zauna hira. Bayanin Hajji a Shawwal da Zulƙida ake neman sa, na Umra tun Sha'aban. Ranar Arfa ba mai karanta yadda ake haɗa jaka.

Mataki na shida: sa sunanka a ciki

Za a kwafi rubutunka a goge sunan, wannan ba makawa. An yi mini: wani kamfanin jigilar mahajjata ya ɗauki bayanina kalma da kalma ya liƙa lambar wayarsa a ƙasa. Ya yi mini ciwo sosai, domin kwana uku na yi ina haɗa shi. Tun daga nan nake sanya sunana a tsakiyar rubutu, cikin jimlar da in an cire ta maganar za ta karye, ina kuma ambatonsa a farkon murya da ƙarshenta. Hoton da na ɗauka ma ina rubuta sunan a jikinsa.

Mataki na bakwai: amana, da dokar ƙasar da kake ciki

A nan zan ɗan daɗe, domin abin da ke sa a riƙa ambaton mutum shekara da shekaru ke nan.

A bayanin jirgin ƙasan nan na manta ban faɗi cewa akwai iyaka ga girman jaka da nauyinta ba. Wata Hajiya ta dogara da rubutuna, ta sayi tikiti, ta iso tasha da manyan buhunan tsaraba guda uku. Dole ta koma neman mota da tsakar rana, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Ɗanta ya kira ni. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, Hajiya ta yarda da kai ne." Na ba su haƙuri, na gyara rubutun a ranar, na sake tura shi duk inda na tura na farko tare da bayyana cewa kuskuren nawa ne. Tun daga ranar, duk abin da ya shafi farashi ko ƙa'ida sai na rubuta ranar da na gani da idona, domin dokokin biza da Nusuk suna sauyawa daga shekara zuwa shekara. Abin da ban tabbatar ba, ba na sa shi, ko da kowa na yaɗawa. Mas'alar fiƙihu kuma ina mai da ita ga malamai.

Sannan ka tuna inda kake zaune. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya, ta 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Kada ka ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba, musamman mata, kuma musamman 'yan'uwan da takardunsu ba su cika ba; hoto ɗaya zai iya jefa gida guda cikin tashin hankali. Idan suna ya fara fita, masu otal da masu shago za su zo da kuɗin talla. Tun 2022 mai yin talla a kafafen sada zumunta sai da lasisin Mawthooq, wanda kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara uku, kuma ga mai zama da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, sharuɗɗan sun fi tsauri. Kada riyal ɗari biyar ta sa ka rasa zamanka.

Mataki na takwas: ba mutane abin da za su faɗa

Ana yin maganar rubutu ne idan mutane sun ga kansu a ciki. Amsa duk wanda ya aiko maka da tambaya, ko da layi ɗaya ne. Tambayar da ta zo sau uku, ita ce rubutunka na gaba. Je ka zauna da tsohon direban da ya yi shekara talatin tsakanin Jidda da Makka, ko mai tuwon da alhazai ke layi a ƙofarta, ka rubuta labarinsu da yardarsu. 'Ya'yansu da jikokinsu za su kai shi inda kai ba za ka iya kaiwa ba. Idan wani marubuci ya yi abin kirki, tura nasa da sunansa. Yawanci yakan rama. Lokacin Hajji kuma gidajen rediyo da jaridun Hausa, irin su Aminiya da tashoshin Kano da Kaduna, suna buƙatar wanda ke tsaye a wurin. Aika musu rubutu ɗaya mai kyau da gajeren bayanin ko kai wane ne.

Ƙanen nawa ya koma Madina da shawarar rubutu ɗaya a mako, kowace Alhamis. Na farkon da ya yi a kan hanyar zuwa Masallacin Ƙuba a ƙafa ne daga Masallacin Annabi (SAW): ta inda ake bi, inda ake samun ruwa, da lokacin da rana ba ta da zafi. Ya taka hanyar sau biyu kafin ya rubuta. Makon jiya ya kira ni yana tambayar yadda ake rage ƙarar fanka a cikin murya, domin wani limami a Maraɗi ya nemi ya naɗa masa bayanin don ya kunna wa maniyyatan masallacinsu.