Abin yi idan rediyon mota ya daina karɓar Spotify

A farkon 2022 kamfanin Spotify, mai manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, ya daina aiki kai tsaye da wasu rediyoyin Pioneer, JVC da Kenwood, irin waɗanda masu mota a Damagaram ke sakawa a madadin na asali. Rediyon bai lalace ba, don haka kada a yi gaggawar kai shi wurin mai gyara. A bar sashen Spotify da ke jikinsa, a zaɓi Bluetooth, a haɗa waya, sannan a kunna waƙar daga cikinta. Idan Bluetooth ya ƙi, kebul ɗin AUX, wanda ke kai sauti daga waya zuwa rediyo, ya wadatar, sai dai maɓallan rediyon ba za su sauya waƙa ba. Mai tafiya Tanut kuwa ya sauke waƙoƙinsa tun daga gida, domin intanet na yankewa a hanya.