Ga sababbin ma'aikatan jinya: kafin ku karɓi aikin farko

Assalamu alaikum ƙannena da kuka karɓi lasisi bana, Allah Ya sanya albarka.

Don Allah kada albashi kaɗai ya ja ku. Duk inda aka kira ku ganawa, ku tambaya: a aikin dare nas nawa ake bari a ɗaki guda, kuma akwai babbar sista da za ta tsaya muku? Wasu ƙananan asibitocin kuɗi sukan bar sabuwar nas ita kaɗai, ga mai naƙuda, ga yaro da jijiyarsa ta ɓuya ana son sa masa ƙarin ruwa, likita kuma sai an neme shi a waya. Idan abu ya ɓaci, lasisinki ne zai shiga haɗari. Wannan yana damuna ƙwarai.

A ganina asibitin da ke karɓar kowace irin cuta sun fi dacewa da mafari, a garin Kaduna irin su asibitin Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko Gwamna Awan a Kakuri. Marasa lafiya da yawa ne, za ku gaji, amma hannu zai faɗa. Wurare kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko cibiyar ido ta ƙasa sun fi dacewa da wanda ya riga ya zaɓi fanninsa.

Ku lissafa kuɗin mota ma. Mai zama a Rigasa da ta karɓi aiki a Sabon Tasha, Keke Napep da bas ne za su cinye albashin.

Kuma kada ku fara aiki sai an ba ku takardar ɗauka mai ɗauke da albashi, alawus na dare da ranakun hutu.