Yadda Ake Mayar da Shafin Littafin Labari Adon Bango

Na sha ganin masu fara wannan aiki sun yage shafi daga littafin da suke ƙauna, sun malala masa gam, sun manna a kwali, kafin gari ya waye takardar ta tattare, a rasa littafin kuma a rasa adon. Saboda haka sharaɗina na farko shi ne kada a taɓa littafin asali. Yawancin littattafan labaran Hausa da ake bugawa a Kano a kan takarda mara kauri irin ta jarida suke, wadda take rinewa ta koma ruwan ɗorawa idan ta sha haske, kuma da zarar ta jiƙe sai rubutun bayan shafin ya bayyana ta gaba.

A zaɓi sakin layi ɗaya ko biyu kawai, domin cikakken babi ba ya karantuwa daga inda mutum yake zaune a falo. Idan za a yayyanka takardar a fitar da siffar zuciya ko fure, a guji shafin da yake ɗauke da aya ko sunan Allah, tunda ragowar takardar cikin shara za ta tafi. Sai a kai shagon kwamfuta a ɗauki hoton shafin, a buga shi a takardar A3, mai faɗin santimita 29.7 da tsawon 42, mai nauyin giram 120 ko fiye a kowace murabba'in mita, domin ta giram 80 da ake aikin ofis da ita ba ta jure laima. Lallai a buga da na'urar leza, wato firinta mai amfani da garin tawada, saboda tawadar ruwa narkewa take yi idan gam ya taɓa ta. Wanda ya fi son a sake rubuta kalmomin da kwamfuta ya tsaya ya duba ƙ, ɗ da ɓ kafin ya biya kuɗi, don salon haruffa da yawa ba su da su.

Wurin mannawa ne aikin yake lalacewa, kuma nan ne ni ma na yi asarar takardu huɗu kafin na gane dalili. Takarda tana shan ruwan da ke cikin gam ta buɗe, sannan ta motse yayin bushewa, kuma idan wani ɓangare ya fi wani jiƙa dole ta yi tudu da kwari. A samu farin gam na kafintoci, a haɗa kashi uku nasa da kashi ɗaya na ruwa, a shafa shi siriri ƙwarai da burushi a jikin filawud ko kwali mai tauri, ba a jikin takardar ba. A jira kamar minti biyu har ya fara danƙo. Daga nan a ɗora takardar ta gefe ɗaya, ana saukar da ita a hankali, ana goge ta da busasshen ƙyalle daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita. Idan kwali ne, a manna wata farar takarda a bayansa, in ba haka ba zai lanƙwashe. Akwai masu dama sitaci don ya fi arha, amma ban yarda da shi ba, abincin kyankyaso ne da gara.

A shimfiɗa leda a kai, a danne da manyan littattafai, a bar shi a ɗaki kwana guda, kwana biyu idan damina ce. Kada a shanya shi a rana don gaggawa.

Bayan ya bushe a daidaita gefuna da reza da rula, a kai wa mai firam ya sa gilashi saboda ƙurar hunturu. A rataye shi nesa da taga, kuma ba a bangon da yake tsattsafo da ruwa ba.