Yadda Za Ki Taimaki Yaro Mai Galahanga Ya Kama Magana

Ɗana yana da shekara uku da rabi likita ta tabbatar mana yana da galahanga, wato otizim. Kalmomi kam yana da 'yan kaɗan, amma ba sa fitowa a kan kari. In na ce masa "kana son ruwa?" sai ya zuba wa bango ido, ni kuma in gaji in juya. Sai na kusa bakin ƙofa in ji wata 'yar murya a bayana: "ruwa." Mai koyar da magana da muke zuwa wurinta ce ta dafa ƙeyarta wata rana, ta ce min, "Maman yaro, da hannun wannan wurin a cikin lamarin."

Ki taɓa ƙeyarki, sama kaɗan da inda kai ya haɗu da wuya. Nan ciki ƙaramar ƙwaƙwalwa take, wadda likitoci ke kira sarabalam. Girmanta bai wuce kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke. An daɗe ana ɗauka aikinta daidaita tafiya da motsi ne kawai. A 1985 Margaret Bauman da Thomas Kemper a Amurka suka ba da rahoton ƙarancin wasu ƙwayoyi da ake kira Purkinje a wannan sashe ga mai galahanga, a 1988 kuma Eric Courchesne ya nuna da hoton cikin ƙwaƙwalwa na na'urar MRI cewa wani yanki na tsakiyarta bai kai girman da aka saba gani ba a wasu masu galahanga. Ɓarinta na dama yana haɗe da ɓarin hagu na babbar ƙwaƙwalwa, inda harshe ya fi zama ga yawancin mutane. Har akwai yaran da in an yi musu tiyatar cire ƙari a wurin, bakinsu kan ɗauke na makonni.

Abin da na riƙe shi ne, gwanintarta auna lokaci da hango abin da zai biyo baya. Magana kuwa ba ta yiwuwa sai da su: harshe da leɓe da numfashi su haɗu a daidai, kunne ya tsinkayi inda mai magana zai tsaya. Da wannan na sauya yadda nake yi da shi.

Kafin komai, a gwada jinsa a asibiti. Kada ki tsallake wannan.

Sannan ki koyi jira, kuma shi ne ya fi ba ni wuya. Ki yi tambaya sau ɗaya, ki ƙirga goma a zuci, fuskarki na kallonsa. Da can nakan maimaita tambayar sau uku a jere, kowanne da wasu kalmomi daban, ashe duk lokacin da na sake, sai ya koma farko yana warware sabuwar. Ki gaya wa babansa da yayyensa su ma, don yayye sun iya amsa wa ƙani kafin ya buɗe baki.

Ki gajarta zance, ki riƙa faɗinsa iri ɗaya a wuri ɗaya. "Sa takalmi." Gobe ma "sa takalmi." In ya saba da jerin, sai ki bar masa gurbi. Mu da ƙwallo muka fara. Muna zaune a ƙasa, ƙafafu a buɗe, in ce "ɗaya, biyu, uku" in gangara masa. Bayan kwanaki sai na tsaya a "biyu", ƙwallon na hannuna. Ya kalli ƙwallon, ya kalle ni, ya buga cinyarsa. Ban saki ba. Da ya ce "ku", nan take na tura. Tafi da waƙa ma haka suke, tun da kiɗa yana nuna wa yaro inda kalma za ta faɗo.

In yana maimaita abin da kika faɗa, kada ki tsawata masa. Ki ba shi amsar da zai kwaikwaya: maimakon "kana so?", ki ce "ina so." Nuni da hannu ko hotuna ba sa hana magana fitowa, ki bar shi ya yi amfani da su.

Ki sa ido a jikinsa ma: yawan tuntuɓe, tafiya a kan yatsun ƙafa, wahalar sa maɓalli ko riƙe fensir. Ki rubuta a littafi ki kai wa likita. Amma in yaro ya fara tangaɗi kwatsam, ga amai da ciwon kai da safe, ko maganar da yake yi ta ɓace, kada ki jingina wa galahanga, asibiti za ku tafi a ranar.

Sai masu tallan na'ura ko atisaye da sunan "gyara" ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ni ban ba su ko kwabo ba. Sashe ɗaya ce cikin sassa da dama da galahanga ke shafa, kuma ba da hoton ƙwaƙwalwa ake gano lalurar ba, likita ne ke duba halayen yaro da tarihin girmansa. Ɗana yanzu shekararsa shida. Har yau in na tambaye shi ina ƙirgawa a zuci, sai dai ban cika wuce huɗu ba.